Abla Fauƙiyya, Mai Hana Tafiya Gida Ranar Alhamis

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Ranar Talata, sha shida ga Satumba, ana gab da buɗe jami'a, Allah ya karɓi ran Abla Fauƙiyya Abdul-Maula, wadda ta riƙe gidan kwanan ɗalibai mata a Asyut ta ƙasar Masar har ƙarfinta ya ƙare.

Abla, ba ki da yawan nasiha. Wasu sukan tara sababbin ɗalibai su yi ta zuba, a dage da karatu, a guji ƙawayen banza. Ke abu ɗaya kika riƙe. Alhamis ta farko, jajibirin hutun ƙarshen mako, lokacin da kowa ke rububin motar ƙauyensu, sai ki kafa kujera a bakin ƙofa.

"Ina zuwa da jaka, 'yar nan? Uwarki ba guduwa za ta yi ba. Ki je yau da jajayen idanu, gobe babanki ya ce karatun ya isa haka."

Mun ji haushinki ƙwarai. Mai Kurkuku muke kiranki a bayan ido, kin kuma sani. Amma gaskiyarki ce, don biyu daga cikinmu sun sulale ta ƙofar baya, kuma tafiyar ke nan. Mu da muka zauna, kika sa kowa ta fito da kwandon da aka haɗo mata daga gida, gurasa da tsohon cuku da zuman rake, muka baje a tsakar gida. A nan na san Marina, wadda har yau ita nake fara kira idan abu ya same ni.

Bana Tasnim, 'yar ƙanwata, ta samu gurbi a Asyut. Babanta Hajji Sabir ya yarda ne kawai saboda na ce masa kina raye, za ki sa mata ido. Da labarin rasuwarki ya iso garinmu Tahta, ya ce magana ta ƙare, yarinya ba ta zuwa ko'ina. Ban yi gardama ba, na dai roƙe shi ya kai ni gaisuwa. Yana zaune wajen maza yana kallon matan da ke sauka daga motocin Minya da Suhaj, likitoci da malamai da lauyoyi, kowacce tana cewa uwarta ce ta rasu. Da muka dawo, muna shiga gari sai ya juyo gare ni.

"Yaya, gaya wa ƙanwarki ta haɗa wa yarinyar nan kaya. Ni zan kai ta da kaina."

Ranar Asabar za ta tafi, Abla. Za ta yi karatu albarkacinki, kuma ba za ta taɓa ganin fuskarki ba. Wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Allah ya jiƙan ki, ya haskaka makwancinki, ya sa Aljanna ce makomarki. Ga ɗanki Imad da 'yan'uwanki, Allah ya ba ku haƙuri, mu ma ya ba mu.