Tafin Hannunta a Maƙogwarona

Shekarar da sanƙarau ya kama 'yata, muna haya a wani gida a Sabon Gari, ciki da falo da 'yar baranda. Mai gidan wata dattijuwa ce Bayarabiya, haifaffiyar unguwar, in tana Hausa ba ka ce ba Bazazzagiya ba ce. Ta daɗe tana koyar da Turanci a sakandaren 'yan mata kafin ta yi ritaya, kuma ritayar ba ta raba ta da halin gyara ba. In ka karya Turanci a tsakar gidanta, ko wanke-wanke take yi sai ta ɗago kai ta gyara maka. Kowa Mama yake ce mata. Ni a lokacin ina buga takardu a wani ofis a Samaru, na saba jefa Turanci cikin magana, saboda haka na fi sauran 'yan haya shan gyara.

Yarinyar ba ta cika shekara huɗu ba. Allah ya tashi kafaɗunta, zazzaɓin ya sauka, wuyan ya saki, muka dawo gida muna murna. Sai muka lura in an kira ta ba ta waiwayowa. Kwano ya faɗi a bayanta, ko gezau. Muka koma asibiti, aka sa mata na'ura a kunne, likita ya daɗe yana gwaji. Daga ƙarshe ya gaya mana da Turanci cewa kunnuwan duka biyu sun tafi, kuma ba ya zaton za su dawo.

Maigidana ya sauke mu a ƙofar gida ya wuce shagonsa, don shi in abu ya dame shi ba ya iya zama wuri ɗaya. Na shigo da yarinyar a goye, da la'asar. Mama na zaune a kujerarta ta roba tana tsince wake. Da ta dubi fuskata sai ta ajiye farantin.

Ban san abin da ya sa na faɗa mata da Turanci ba, wataƙila don da shi aka gaya mini. Na ce, "Mama, she will never listen to me again." Sai kuka ya ƙwace mini.

Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "Wace kalma likitan ya faɗa? Hear ya ce, ko listen?"

Haushi ya kama ni. Na ce, "Haba Mama, yau ma gyaran Turancin ne?"

"Yau ma, 'yata. Tuna mini."

Na tsaya na tuna. Na ce, "Hear ya ce."

"To, kada ki ƙara masa abin da bai faɗa ba. Hear faɗo wa mutum yake yi ko bai nema ba, kamar ƙarar ruwan sama a kan kwanon rufi. Aikin kunne ne, ba ya neman izininki. Listen kuwa mutum ne ke tattara hankalinsa ya miƙa. Na koyar da 'yan mata masu lafiyayyun kunnuwa da har suka gama makaranta ba su taɓa yin na biyun ba. Sauko mini da ita."

Na kwance goyon na miƙa mata. Ta zaunar da ita a cinya, ta kama ɗan hannunta ta ɗora a maƙogwaronta, ta fara rera wata waƙar coci da Yarabanci, da muryar nan tata mai kauri. Tun fitowarmu asibiti yarinyar ba ta da aiki sai rigima da jifa da duk abin da ta samu, amma a wannan lokacin ta yi tsit. Ta zuba wa bakin Mama ido, numfashi ma a hankali take yinsa. Da Mama ta tsayar da waƙar, sai yarinyar ta bubbuga mata wuya, alamar a ci gaba. Aka ci gaba. Can sai ta janye hannun ta ɗora a nata maƙogwaron, ta yi wani dogon sauti, ta ji motsinsa a yatsunta, ta yi dariya.

Ban taɓa ganin ɗan Adam ya tattara kansa gaba ɗaya a kan abu ɗaya haka ba. Na durƙusa a gabansu, na ɗora tafin hannunta a wuyana, na kira sunanta. Ta dube ni. Na sake kira, ta matse mini maƙogwaro kamar mai son riƙe abin da ke motsi a ciki.

Mama ta ɗauki farantin wakenta. Ta ce, "Ku Hausawa ma kun fi Turawa sauƙi. Kalma ɗaya gare ku, da ita kuke jin magana, da ita kuke jin sanyi da yunwa da ƙamshin miya. Da a ce da Hausa likitan ya yi maganar, da sai ya yi taka-tsantsan kafin ya ce ba ta ji."

Washegari a motar zuwa Samaru na yi ta juya kalmomin nan biyu. Na buga su a takardun ofis ba adadi, ina ɗaukarsu abu guda, ban taɓa sanin akwai fili a tsakaninsu da zai ishi yarinya ta rayu a ciki ba.

Daga nan muka fara koyon zama da ita. Takan jingina bayanta da bangon mai injin markaɗe ta tsaya ta daɗe. Babur ɗin babanta kuwa, takan riga mu sanin shigowarsa, don in ya hau dakalin ƙofa siminti na gaya wa ƙafafunta. Shi ma da yake ba mai yawan magana ba ne, ya koyi kwantar da kanta a ƙirjinsa yana ba ta labarin shago, tana lumshe ido.

Wata rana muna dawowa daga kasuwa za mu tsallaka layin dogo, ta cire takalmi ɗaya ta taka ƙarfen, ta ja mini zane ta ƙi gaba. Na duba hagu da dama, babu komai sai awaki da masu tallan rake. Na tsaya dai, don na daina yi mata gardama a irin wannan. Mun ɗan jima a tsaye kafin na jiyo kukan jirgin kaya daga nesa, mutane suka fara janye kayansu daga kan hanya.

Da ta isa shiga makaranta muka kai ta ta kurame, ta koyi maganar hannu, ta dawo hutu ta koya mana. Ni na fi kowa jinkirin kamawa a gidan, har yanzu in na yi sauri yatsuna na harɗewa, sai ta kama su ta daidaita mini.