Baffa Sanda da Wayar da ke Kai Ƙararsa

Ku da kuka san Baffa Sanda kun san bai taɓa sa waya a aljihu ba. A cikin hula yake ajiye ta, bisa tsakar kansa. In an kira shi, sai ka ga dattijo ya tsaya cak a tsakiyar kasuwar Yelwa, kansa yana kiɗa, shi kuma yana hararar jama'a kamar su suka yi abin kunya. In ka yi magana ya ce, "Aljihu na ɓarayi na. Wa ka iya kai hannu ga kaina ban jiya ba?"

Ƙanen mahaifina ne, kuma sana'arsu ɗaya, ɗauko busasshen kifi a babur daga ƙauyukan bakin ruwa zuwa kasuwa. A wannan hanyar mahaifina ya rasu. Babur ya kayar da shi a wata 'yar hanyar daji wajen Ngaski, ya kwanta nan ba wanda ya sani, sai washegari makiyaya suka tsinci gawarsa. Tun daga ranar tsoro ɗaya ya zauna mini a rai, kada Baffa ma ya mutu shi kaɗai ba kowa kusa da shi.

Shi ya sa da na ji labarin wata manhaja ta masu babur, na ƙwace wayarsa na sa masa. Na yi masa bayani dalla-dalla. In wayar ta ji an faɗi da ƙarfi za ta yi ihu, ta tambaye shi ko lafiya. In bai danna koren wurin ba, sai ta tura saƙo gare ni, da matarsa Inna Kulu, da babban ɗansa Bello da sauran 'ya'yan, har ta nuna inda yake.

Ya kalle ni sama da ƙasa. "Rabi, wato munahuka kika sa min cikin hula."

"Baffa, mai gadi ce."

"Mai gadi ba ta kai tsegumi. Kuma ni tun da nike ban taɓa hwaɗuwa bisa babur ba. Babur dai ka hwaɗuwa, ni in sauka."

Ba a daɗe ba, wata safiya ina kan keken ɗinki, wayata ta yi wata irin ƙara. Na duba: hatsari, hanyar Warra. Innalillahi! Ban san lokacin da na fita da takalmi wari-wari ba. Mun kira, wayarsa a kashe. Bello ya bi hanya da gudu, ya isa wurin, ba Baffa ba babur, sai wani mai faci da ya ce lallai ɗazu an wuce da wani a bayan mota. Kafin maganar ta iso unguwarmu ta zama an kwashe shi. Kafin ta kai masallaci ta zama ya cika, ana hanya da gawa. Kun san mu da gaggawar suturta mamaci. Tun kafin azahar matasa sun gama haƙa kabari, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun fara shigo da abinci, Inna Kulu ta suma an yayyafa mata ruwa.

Ashe iska ce ta tuge hular, wayar ta bugi kwalta, ta aika saƙonta sannan ta mutu. Shi kuwa ya ɗauka, ya hure ƙura, ya mayar kansa, ya sa babur a jirgin ruwa ya haye tsallake sayen kifi.

Da la'asar sai ga shi, ya kashe inji tun daga nesa kamar yadda ya saba don kada mai ya ƙone a banza, yana turo babur da ƙafa. Ya ga taro a ƙofar gidansa, ya jingine babur, ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin tabarma.

"Allah shi jiƙan rai. Wa ar rasu?"

Wallahi wani tsoho sai da ya tsallake mutum biyu a guje. Liman ne kaɗai ya iya buɗe baki. "Kai ne, Sanda."

Baffa ya dubi kwanonin abinci. "To tunda an dahwa, a miƙo." Ya ci ya ƙoshi, sannan ya ce a raka shi ya ga kabarin. Ya leƙa, ya girgiza kai. "Wanga ai na yaro na. Haka za ku naɗe ni awa tabarma?"

Ni kuwa kuka nake ina masifa. Na ce zan cire abin. Ya dafe hula da hannu biyu ya ce ba mai taɓa masa ita. Ai da na san dalili!

Lokacin yankan shinkafa ya zo. Muna zaune sai ga saƙo: hatsari, fadama. Ko da muka tuna da na farko, wa zai iya zama? Bello ya rufe shago, ƙannensa suka taso daga Shanga, ni na bar ɗinkin amarya a kan keke. Muka isa muna haki, muka tarar da Baffa zaune a inuwa, ga laujuna a jere gabansa. Ya gano cewa in ya maka wayar a kan buhu da ƙarfi, ya ƙi danna komai, duk zuri'arsa za ta hallara.

"Madalla, kun iso da wuri. Kowa shi ɗauki guda."

Na ce, "Baffa, ka ji tsoron Allah! Zuciyata ta kusa tsayawa!"

"In na kira ku aiki, kowa na da uzuri. In anka ce na mutu, kowa na da mai ga babur. To na mutu. Ku yi yanka."

Mun yanka, mene ne ba mu yanka ba? Na rantse a ranar ba zan ƙara tashi don wannan ƙarar ba. Na san ƙarya nake, shi ma ya sani.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne ranar da ya faɗi da gaske, domin ranar ba saƙon da ya zo. Wata mai tallar nono ce ta gan shi a cikin kwazazzabo bayan ruwan sama, babur a kan ƙafarsa, kifi ya watse ko'ina. Ita ta kira mutane aka kawo shi asibiti da karaya a cinya. Na zo, na ɗauki wayar ina zaginta, ina cewa ranar da ake buƙatarta ta yi shiru. Sai mai nonon ta ce, "A'a, ta yi kuka. Kukanta na ji na leƙa. Na gan shi yana jan ciki ya kai hannu ya danna."

Na juya na kalle shi. Ya mai da fuska bango.

"Baffa, ka danna lafiya lau? Da babur a kanka?"

"To so kike duk Yauri ta ji Sanda ya hwaɗi?"

Ban yi dariya ba. Na zauna a bakin gadon na ce masa, "Haka yayanka ya kwanta, ba wanda ya sani. In ka tafi kai kaɗai a irin wannan hali, ban san yadda zan yi da raina ba." Can ya ce a tambayi mai nonon ko an tsince kifin.

Ƙafar ba ta ƙara yarda da babur ba. Ya koma zaman gida, yana faɗa da kaji da masu wucewa. Mu kuma kowa ya shiga sabgarsa, hankali ya kwanta tunda ba ya hawa hanya.

Wata Laraba da hantsi sai ga ƙarar nan, bayan an daɗe ba a ji ta ba. Na duba: hatsari, cikin gidansa. Na ce yau kuma me za a yanka? Na tafi da faɗana a baki. Muka yi karo da Bello a zaure, ƙannensa suna tafe a baya, Inna Kulu ta baro gidan suna, mayafi a hannu, don ita ma ba ta gida.

Muka same shi kwance a ɗaki, gumi ya jiƙe shi, numfashi na fita da ƙyar. Wayar tana can gindin bango, fuskarta ta tarwatse. Da sauran ƙarfin da ya rage masa ya jefa ta.

Bello ya ce, "Baba, me ya hana ka kira kawai?"

"In bi ku ɗaya-ɗaya? Ɓarnar kati."

Aka ce a nemo mota, ya ɗaga hannu ya ce a bari tukuna. Ya neme ni da ido har ya same ni.

"Rabi, ke kinka ce kar in tahi ni kaɗai. To ga shi, na jira ku."

Motar ta iso, amma ba a kai ga sa shi a ciki ba. Ya cika, kansa a cinyar Bello, hannunsa a nawa, Inna Kulu tana laƙƙana masa kalmar shahada yana amsawa, ɗakin cike har ba wurin sa ƙafa.

Allah ya jiƙanka, Baffa, ya yafe maka duk tsoratar da mu da ka yi, mu mun yafe. Ya Allah, kamar yadda ba ka bar shi shi kaɗai a nan ba, kada ka bar shi shi kaɗai a can. Ka haɗa shi da yayansa, wanda bai samu kowa ba.