Numfashi Bakwai na Baba Gide Wanzami

Duk namijin da aka haifa a ƙauyenmu, can gaba da Yargoje, ya taɓa yin kuka a hannun Baba Gide wanzami. Ni ma ina ciki. Har yau in ya gan ni ina taƙama da malantar firamare, sai ya tuna mini yadda na tsula masa fitsari a zabira ranar kaciya. Gajere ne, ga mita, ga cin goro ba tayi. Amma ban taɓa jin ya yanki mutum a inda bai yi niyya ba.

Sirrin ba laya ba ne. Kafin aska ta taɓa fata, yakan dafa gwiwa, ya ja iska ta hanci a hankali, ya sake ta ta baki, sau bakwai, hankalinsa na kan shigarta da fitarta kawai. Wajen mahaifinsa ya gada. Muna yara mun ɗauka gyangyaɗi yake yi.

Da 'yan bindiga suka addabi yankinmu, aikinsa ya sauya. Wanda aka sara a gona, wanda harsashi ya goga, zaurensa ake fara kai su kafin a samu motar Ƙanƙara. A nan ya lura da wata cuta da ba ta zubar da jini: maza majiya ƙarfi ba barci, ba cin tuwon kirki, salansar babur ta yi ƙara su zabura su kifar da kwano. Sai ya fara zaunar da su a tabarma bayan la'asar yana koya musu numfashin nan. Wasu suka yi ta dariya, wai wanzami ya koma likitan mahaukata. Ya ce su yi ta yi, ai kawunansu na hannunsa ranar Juma'a.

Wanda ya fi damunsa shi ne Harisu, ɗan ƙanwarsa, magidanci mai 'ya'ya huɗu. Yana ɓoye cikin dawa yana kallo 'yan bindiga suka ɗaure yayansa suka yanka. Ya shiga 'yan sa-kai don ɗaukar fansa, amma hannunsa ya ƙi. Rawa yake yi har bai iya ɗura bindiga, sai aka mayar da shi mai gadin babura. Haushin ya koma gida. Ya karya wa matarsa Lauratu haƙora biyu da muciya, ya jefi 'yarsa da fartanya, Allah ya sa ta kauce. Lauratu ce ta zo zauren Baba Gide baki a kumbure, ta ce ko ya gyara ɗansa ko ta kwashe 'ya'yanta.

Wata uku tsohon yana fama. Harisu ya zauna, ya tashi, ya yi zagi, gobe ya dawo. Baba Gide ya ce masa in fuskar yayansa ta faɗo masa kada ya yi kokawa da ita, ya bar ta ta tsaya, shi dai ya koma ga numfashinsa. Sannu a hankali ya fara barci, ya daina duka. Ranar da ya riƙe kofin shayi cike bai zubar ba, na ga Baba Gide yana share ido da hannun riga, wai hayaƙi ne. Ni ma na yi murna ƙwarai.

Wata ranar kasuwa, rana tsaka, 'yan sa-kai suka kamo Mas'udu mai burodi, wai shi ke kai wa 'yan daji burodi da labari. Ko ya yi ko bai yi ba, ban sani ba, babu kuma wanda ya tsaya tambaya. Suka farfasa masa baki da gindin bindiga, suka ja shi a ƙasa har gindin tsamiya. Yana ta kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, har da nawa. Na sunkuyar da kai, kuma ina jin kunyar wannan har gobe. Da aka zo kan wanda zai ƙarasa shi, sai suka fara kallon juna. Harisu ya fito ya karɓi wuƙa.

Baba Gide ya bar wani da rabin aski, ya ratso taron yana kiran sunansa. Harisu bai waiga ba. Ya danne Mas'udu da gwiwa, ya lumshe ido, ya ja iska ta hanci, ya saki ta baki. Na ga leɓen tsohon yana motsi, ƙirga yake yi ba da son ransa ba. A na bakwai Harisu ya yanka, hannunsa ko gezau.

Kwana uku Baba Gide bai buɗe zaure ba. A na huɗu na je duba shi, na tarar Harisu ya riga ni, da mutum biyar a bayansa, bindigogi a kafaɗa. Ya durƙusa ya yi gaisuwa da ladabi.

"Kawu, maganinka ya yi. Waɗanga ma hannunsu na rawa, ka taimaka masu."

"Don ka samu barci na koya maka, Harisu. Don ka bar bugun ɗiyar mutane."

"Ai ina barci, Kawu. Tambayi Lauratu."

Tsohon ya daɗe yana duban mutanen. Na san su duka. Ɗaya uwarsa na hannun ɓarayi wata biyu ke nan, ɗaya matarsa ta yi yaji da karyayyen hannu. Na matsa na raɗa masa ya sallame su, kada a sake yanka wani da iliminsa. Ya ɗago idanunsa jajur.

"In na kore su, Malam, gida za su koma da wanga hannu. Su wa ke gidan?"

 Ya sa suka jingine bindigogin a waje, ya jawo tabarma ya shimfiɗa, hawaye na zubar masa a gaban kowa, ya ce su zauna su dafa gwiwa.