Sallar Da Ta Same Ni Cikin Takaba

Yau jajibere, ina dakan citta da kanumfari, sai mahaifin mijina ya faɗo mini a rai.

Shekarar da maigidana ya rasu, ƙaramar Sallah ta same ni cikin takaba a Dudunni. Wata biyu ban taka ko zaure ba. Ina jiyo mata ta bayan katanga, masu zuwa niƙa da masu karɓo ɗinki, ni kuwa ɗaki ya yi mini kaɗan. Yarana uku ba su da takalman Idi, kunya kuma ta hana ni faɗa.

Wata rana da hantsi na ji gyaran muryar mahaifin mijina a ƙofa. Kullum sai ya yi ta sau uku kafin ya yi sallama.

"Ɗiyata, me za a sawo a Kankiya?"

"Ba komai, Baba."

"To, turo mini yaran."

Ya durƙusa da ƙyar, ya auna ƙafar kowannensu da karan dawa, ya kakkarya ya zuba a aljihu.

Sai la'asar ya dawo, leɓɓansa sun bushe da azumi, ga takalma da kayan miya. Ya zauna bakin ƙofa yana ba ni labarin kasuwa, rumfa bayan rumfa. Da ya zo kan rumfar da ɗansa yake zama, sai ya yi shiru. Mun daɗe a haka, labule tsakaninmu.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sada shi da ɗansa a Aljanna.