Mai Riƙon Allah a Gidanmu

A gidan su Baba, can wajen Matankari, mutum ɗaya ne ke riƙon doguwar gida. Doguwa iska ce da zuriya ke gada kamar yadda ake gadon gona. Wanda ta faɗa wa shi ke yanka mata akuya, shi ya san kalmomin da ake faɗa mata, kuma ba ya canza ko ɗaya daga yadda ya ji a bakin na gabansa. Sauran ƴan gida ba ruwansu. Su kawo akuya, su ci nama, su koma gona. Yayan Baba ne ya gaji tasu, saboda haka Baba ya tashi ba nauyin kowa a wuyansa.

Da ya ga Inna a kasuwar Dumega aka ce masa ɗiyar Kirista ce, ba a ba da ita sai ga Kirista. Bai yi gardama ba. Ya koyi abin da aka ce ya koya, aka yi masa baftisma a tafki, ya fito ya ce ruwan da sanyi. Iyakar abin da na taɓa ji ya faɗa a kan sabuwar haihuwa ke nan. Daga nan ya duba gidansa, ya ga akwai Allah, akwai kuma mace mai son hidimarsa, sai ya raba aiki yadda ya saba gani. Inna ta riƙe Allah, shi ya riƙe injin niƙa.

Ba za a ce bai ba da nasa ba. Duk Lahadi yakan wanke moto, wato babur ɗinsa, ya ɗauki Inna har ƙofar majami'a, ya ja gefe gindin dogon yaro ya kunna rediyo. Da kaka, ranar godiya, shi ke zaɓen damin hatsi mafi kyau a rumbu, ya kai bakin ƙofa ya dire, ya kakkaɓe hannu. A wurinsa akuyar ke nan, ya kawo.

Fasto ya sha fitowa ya same shi. Wata rana ina kusa na ji yana ce masa zunubi kowa da nasa, kuma Almasihu ya mutu domin kowane mutum da sunansa. Baba ya rage ƙarar rediyo don ladabi, ya saurara har ƙarshe.

"Gaskiya ce, malam," ya ce. "Hwaɗa ma uwar ɗiyan, ita ka kula da wanga hannu."

Samarin ƴan kasuwa masu wa'azin Musulunci ma sun gwada shi, ganin mutumin da ke zama a waje ai ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. Su ma wurin Inna ya tura su. Baba bai ƙi Allah ba. Da ya ƙi shi ma da an sami abin kamawa. Yana ganin girmansa ne kamar yadda yake ganin girman gwamna: yana nan, babba ne, akwai kuma masu zuwa wurinsa.

Kullum da safe, kafin ta hura wuta, Inna takan durƙusa bayan zana ta yi addu'a a bayyane. Ƙarshenta ɗaya ne tun ina ƙarama: "Ya Uba, ka taɓa zucciyar maigidana. Mutumen kirki ne, amma bai san shina bukatarka ba. Kak ka bar shi waje." Baba yana nan zaune yana wanke baki, yana ji. Wani lokaci har ya gyaɗa kai, irin na wanda ya ga ana yi masa aiki da kyau. Ranar da akuya ta kusa zubar mata da nono ta yi sauri ta ce amin, sai ya ɗaga murya: "Kin tsallake ta ƙarshe." Ta koma ta durƙusa ta faɗa. Mu yara muka yi ta dariya. Inna ba ta yi ba.

Ina koyarwa a lakwal, makarantar boko, a Dogon Dutsi lokacin da ciwo ya kwantar da ita, aka kawo ta wurina. Baba ya rufe injin ya biyo ta, ya yi jinya yadda ban taɓa ganin namiji ya yi ba. Wata rana yana fifita mata kunu ta kama hannunsa.

"Maigida, ceto ba doguwa ba ne. Ba a riƙa ma wani."

"To," ya ce. "Sha, ya huce."

Ranar na ji haushinsa har cikin ƙashina. Da ya fita sayen magani Inna ta ce mini ita mutuwa ba ta ba ta tsoro. "Na saba in hito in ishe shi gindin icce," ta ce. "Can kuwa in an shiga ba a hitowa."

Ta rasu bayan an gama ɗaurin hatsi, muka kai ta gida aka binne ta. Da baƙi suka watse, Baba ya kira ni ƙofar ɗaki, ya yi gyaran murya irin ta rabon gado.

"Ke ce babba. Ke ta hwaɗa ma."

"Mi ya hwaɗa mini, Baba?"

"Abin da uwarki ka riƙo."

Na ce masa ba ni ɗauka. Na ce ni da kaina nake zuwa, domin zunubina, kuma zunubin nawa ma ya ishe ni kaya. Na faɗa da zafi. Ya dube ni kamar wadda ta ƙi karɓar gonar gado. Ya ce gida ba ya zama haka nan ba mai riƙo. Na ce sai dai ya zauna.

Lahadi ya wanke moto. Na hau bayansa, muka nufi majami'a. Ya tsaya gindin dogon yaro, ya rataye rediyo a hannun moto, sai na ga ya bi bayana. Ya wuce bencin maza ko kallo bai yi ba, ya je ɓangaren mata ya zauna daidai inda Inna ke zama. Matan suka muskuta. Ba wadda ta iya ce masa ya tashi.

Da fasto ya ba da dama ga mai son yin addu'a, Baba ya miƙe. Addu'a ɗaya ya sani, kuma a gidansu ba a canza kalma.

"Ya Uba, ka taɓa zucciyar maigidana," ya ce, da babbar muryar nan tasa ta mai magana kusa da inji. Wata yarinya ta tuntsire da dariya, aka zungure ta. "Mutumen kirki ne, amma bai san shina bukatarka ba."

Sai ya tsaya. Ni na san bai manta ba, shi da ke yi wa Inna gyara. Saura ta ƙarshen, "Kak ka bar shi waje," ita ce ta ƙi fita. Ya daɗe a tsaye riƙe da bayan benci, har wata tsohuwa, ƙawar Inna, ta ja gefen rigarsa ya zauna.

Aka tashi, kowa ya fita, shi bai motsa ba. Na duba ta taga na ga fasto ya je ya zauna kusa da shi a bencin mata. Na koma gindin dogon yaro, na kashe rediyon da ya bari a kunne, na zauna kan moto ina jiran ya fito.