Sawun Alasan a Jikin Ƙwallo

Usaini mutumin Funtuwa ne, gajere, ga tumbi, ga sanƙon da ya yi masa sammako. Gyaran na'urar sanyaya ɗaki yake yi a wani kamfani a Sanaiya, unguwar masana'antu ta Doha. Shi da ɗan tagwayensa Alasan jirgi ɗaya suka hau zuwa Doha, ɗaki ɗaya suka kama a unguwar Muntaza, kuma tare suka kamu da ciwon bolin, wasan nan da ake gangara ƙwallo mai nauyin tsiya a kan layin katako da aka shafe da mai, ta je ta watsa kwalabe.

Alasan ne gwanin, wannan ko Usaini ba ya musu. Shi ya sayi ƙwallon kansa, baƙa mai ratsin ja, aka huda ta daidai yatsunsa. Da aka zo rage ma'aikata a 2016 aka soke masa biza, khalas, ya tattara ya koma gida. Ƙwallon ta yi wa jakarsa nauyi, sai ya bar wa Usaini. Yatsunsu iri ɗaya, ko sabon huji ba a yi ba.

To ita ƙwallo in an daɗe ana jifa da ita, wani zobe na ƙananan kwarzane take yi a inda take taɓa katako, kuma kowa da nasa sawun. Na Alasan dab da ramin babban yatsa yake. Na Usaini daga baya ya fito, can gefe. Kafin kowane jifa sai ya shafa na ɗan'uwansa da yatsa, yana basarwa wai ƙura yake gogewa.

Sai ƙwallon ta sha mai ta ƙoshi, ta yi sumul. Da can in ta kusa kwalabe lanƙwasa take yi ta shige tsakiyarsu, yanzu kuwa zamewa kawai take yi ta wuce abinta. Ja'afaru, likitan haƙorin da ke jan ƙungiyar bolin ta 'yan Najeriya, mutumin da bakinsa ba linzami, ya ce ko a goge ta da samfefa ko Usaini ya koma benci yana tafi. Sayibu, ɗan Kumasi mai shagon gyaran ƙwallo, ya ce in aka sa mata kaushi za ta sake kama katako. Usaini ya tambaya ko za a iya tsallake wuri guda. Sayibu ya ce doka ba ta yarda ba, ko duka ko a bari.

Usaini ya yi makonni yana benci. Ran nan da hutun azahar ya kira Funtuwa. Alasan na shagonsa na batiran sola, babura sai ƙara suke a bayansa.

"Alasan, ƙwallonka za a kankare."

"Wace ƙwallo kuma?" Can sai ya fashe da dariya. "Au, wai tana nan? Kai dai Usaini ka zo ka yi aure, ka bar rungumar dutse."

Mai saye ya shigo, Alasan ya ce zai kira. Bai kira ba.

Usaini ya kai ta wurin Sayibu, amma ya ce shi zai riƙe samfefar. Injin na juya ƙwallon, ruwa na ɗiga, farin ƙullu na gangarowa ta tsakanin yatsunsa. Kafin hannunsa ya gaji ma zobunan nan biyu sun tafi.

Ranar Juma'a bayan la'asar ya jefa. Ta tafi kamar za ta faɗa kwata, sai ta lanƙwaso ta kwashe kwalaben kaf. Ja'afaru ya ɗaka masa duka a baya, yana cewa yalla, ashe da sauran mutum. Usaini ya ɗauki hoton allon maki ya tura wa Alasan.

Aka tafi cin mandi, shinkafa da naman Larabawa. Kowa hannu biyu a faranti, shi ɗaya hannunsa na kan waya, yana leƙawa ko Alasan ya buɗe hoton.