Kofi Biyu a Teburin Mizuha

Setsuko Kuramochi ta shekara talatin tana dunƙula shinkafa a wata masana'antar abinci a birnin Utsunomiya. Mijinta ya rasu, ɗanta kuwa yana Osaka, sai sabuwar shekara yake tuna yana da uwa. Abin da ya rage mata na jin daɗi shi ne wata ƙungiyar 'yan mata mawaƙa su goma sha shida, a cikinsu ma mutum ɗaya: Mizuha, ta layin baya, can ƙarshen hagu.

Muryar Mizuha ba wata ta a zo a gani ba ce, masu ɗaukar hoto ma ba su damu da ita ba. A bidiyon waƙa na minti huɗu, da ƙyar take fitowa na daƙiƙa uku. Nan Setsuko ke tsayar da bidiyon, ta ƙura ido, ta mayar baya. Har ranar da yarinyar ta yi rawa da targaɗe sai da ta gane, daga yadda take sauke diddige.

Tokue, abokiyar aikinta, takan ce, "Tsofai-tsofai da ke, kin zauna renon jikar wasu a waya!"

"Ke kuma fa? Kyanwa kike goyo," in ji Setsuko.

Wata Lahadi Mizuha ta saka hoton karin kumallonta a intanet: kifi, miya, da kofin shayi biyu. Daɗi ya kama Setsuko. Ta shiga dandalin masoya, inda ba a san sunanta na gaskiya ba, ta rubuta: "Kofi biyu! Yau dai 'yarmu ba ita kaɗai ta karya ba."

Ta san sarai kamfanin ƙungiyar ya hana 'yan matan yin samari, amma ita ta ɗauka kofi na biyun na uwar Mizuha ne, ko na ƙanwarta. Sauran masoyan ba haka suka ɗauka ba. Suka yi ta faɗaɗa hoton har suka tsinci hannun namiji a ƙyallin butar shayi. Kwana uku suka tono sunansa. Aka sa Mizuha ta fito cikin baƙaƙen kaya tana sunkuyawa, tana ba ƙattin banza haƙuri don ta so wani. Aka sallame ta, aka bi bidiyoyin aka yanke ta.

Setsuko ta daina cin abincin kirki. Kunya da baƙin ciki suka taru suka yi mata yawa.

Aka ba Mizuha rana ɗaya ta yi musabahar bankwana da masoya, kowa daƙiƙa goma. Setsuko ba ta taɓa fashin irin wannan musabahar ba, har Mizuha ta san ta da suna. Tun a jirgin ƙasa Setsuko ke maimaita abin da za ta faɗa: ni ce na rubuta, ki yafe mini. Mutum goma sha ɗaya ta tarar a layi.

Mizuha ta kama hannayenta biyu ta matse. "Goggo Setsuko! Na san za ki zo." Ta rage murya. "Wanda ya fara maganar kofin nan, har in mutu ba zan yafe masa ba. Irinki ne suka sa na jure, Goggo."

Setsuko ta buɗe baki. Mai tsaron layi ya dafa kafaɗarta ya ce lokaci ya yi.

"Ki kula da kanki, 'yar nan," ta ce.

Mizuha ta yi mata murmushi, ta miƙa wa na bayanta hannu.